Muryar Baba a Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗewa

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da abin da ya same ni a makon sadakar arba'in ɗin mahaifinmu. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai in yi hamdala.

Ni malamar firamare ce a Oforikrom, a Zangon Kumasi aka haife ni. Asalinmu Nijar ne. Kakanmu ya sauko da ƙafa tare da fataken goro, ya zauna bai koma ba, kuma Baba kaɗai ya rage wanda ya san labarin daki-daki. A shekararsa ta ƙarshe, da na ga jiki ya fara ja baya, sai na riƙa zama kusa da shi bayan la'asar ina ɗaukar muryarsa a waya. Duk lokacin da wayar ta cika, sai in juye a laftof ɗina in goge na wayar. Ko sau ɗaya ban yi tunanin ajiye kwafi a wani wuri ba.

Bayan rasuwarsa, Baffanmu na Nijar ya kira ya ce zai zo sadakar arba'in. Tsoho ne, kwana biyu zai yi a mota. Da na gaya masa ina da muryar ɗan'uwansa yana ba da tarihin gida, sai ya ce, “'Yata, a nan ma duk waɗanda suka sani sun tafi. Ki riƙe mini ita da kyau.” Na ce masa kada ya damu.

Alhali laftof ɗin ta daɗe tana ba ni alama. Duk sanda na kunna ta, sai fuskarta ta yi shuɗi, ta rubuta da Turanci cewa tana shigar da sababbin gyare-gyare, kada a kashe ta. Lamba ta riƙa hawa har talatin cikin ɗari, ta tsaya cik, ta ce abin bai yiwu ba, ta kashe kanta ta sake tashi. Sai an yi kusan awa ɗaya take barina in shiga. Washegari kuma haka. Na saba da abin kamar yadda ake sabawa da rufin da ke yoyo, kullum ina cewa gobe zan kai ta gyara.

Ranar Lahadi za a yi sadaka. Ranar Alhamis da hantsi na kunna ta don in haɗa muryoyin wuri guda. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Tana tsakiyar ƙirgenta aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na kunna, ta hau talatin, ta mutu, ta tashi, ta sake hawa talatin. Na zauna ina kallo har azahar, har la'asar. Wannan karon ba ta buɗe ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci, yayana, wanda bakanike ne a Suame Magazine, unguwar kanikawa, ya raka ni wani shago a cikin gari. Mai shagon ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce, “Sai fomat. Ku dawo gobe, za ta koma sabuwa.”

Wallahi har na ji daɗi, don ban san ma'anar kalmar ba. Yaya ne ya tambaye shi, “Abubuwan da ke ciki fa?”

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. “Komai zai tafi. Ba ku da kwafi?”

Yaya ya miƙa hannu ya ɗauke laftof ɗin daga kan teburin. “Mu a Magazine, in mota ta ƙi tashi ba ma zubar da kayan da ke bayanta,” in ji shi. Muna fita ya ce ya tuna da wata mata a Ayigya, ita ke gyara wa maigidansu kwamfutar da suke duba ciwon mota da ita.

Asabar da sassafe muka hau trotro, motar haya. Baffa ya riga ya iso, yana gida yana hutawa, ban iya gaya masa komai ba. Shagon matar ɗan kwantena ne a bakin hanya, ɗaliban jami'a sun yi layi kowa rungume da kwamfutarsa. Ba'asantiya ce, za ta yi shekara arba'in da wani abu, da tabarau rataye a wuya. Na fara yi mata bayani da Twi, kuka ya ci ƙarfina. Sai ta juya zuwa Hausa, irin ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

“Yi haƙuri, Hajiya. Zauna. Wani abu ne yana ciki?”

Na ce, “Muryar babana, Maame. Ya rasu. Babu ita ko'ina sai nan.”

Ta cire tabarau ta dube ni. “Wani ya yi fomat?”

“A'a.”

“To, kada ka yi kuka tukuna.”

Ba ta ko kunna ta ba. Ta kifa ta, ta kwance ƙusoshi, ta zaro wani ɗan abu kamar tafin hannu, ta ce nan ne ma'ajiyar komai. Ta haɗa shi da tata kwamfutar ta wata igiya. Ban san minti nawa muka jira ba, ni dai salati nake. Can sai ga sunayen ajiyata sun jeru a fuskar kwamfutarta. Ta ce in nuna mata wurin, na nuna da yatsa. Ta danna ɗaya don ta gwada.

Sai muka ji tari, sannan muryar Baba, tas kamar yana zaune cikin shagon: “Ya fara ɗauka? To, bismillahi.”

Na durƙushe a wurin. Yaya, wanda ko ranar jana'izar Baba ban ga hawayensa ba, ya juya ya fita waje. Matar ta tsayar da muryar, ta gaya wa ɗaliban da Twi cewa mai sauri ya dawo Litinin, yau tana da aiki. Ba wanda ya yi gunaguni.

Sai da ta kwafe komai a filashi biyu, ta ba ni ɗaya ta ba Yaya ɗaya, sannan ta koma kan laftof ɗin. Ta ce ma'ajiyar ce ta cika maƙil, gyaran bai sami wurin zama ba, shi ya sa kullum yake farawa ya fasa. “Kamar ɗaki ya cika da kaya, kana so ka shigar da gado,” in ji ta. Ɗauke wutar nan kuma ya ƙarasa rikita ta. Ta rage kayan da ba na buƙata, ta mayar da ma'ajiyar cikin laftof ɗin, ta yi 'yan danne-dannenta, ta jona ta a wutar da ba ta yankewa, ta ce kada kowa ya taɓa. Lokacin azahar ta share mini wuri a bayan kwantena, ta kawo ruwan alwala. Ina sallamewa ta kira ni in zo in gani. Lamba ta wuce talatin, tana tafiya a hankali, har ta cika ɗari. Laftof ta buɗe.

Na gode mata da Twi, na ce, “Medaase, Maame. Allah ya saka miki.” Ta ce, “Amin. Je ka, baƙi suna jira.”

Ranar Lahadi bayan an shafa fatiha, muka haɗa sifika a tsakar gida. Baba ya riƙa jero sunayen kakanni da garuruwan da aka yada zango, Baffa yana gyaɗa kai. Da aka zo kan sunan wata rijiya a ƙauyensu, sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. “Tana nan,” in ji shi. “Har yau daga ita muke sha.” Ya rufe fuska da rawaninsa. Kafin a watse, sai da na tura muryoyin a wayar duk wanda ya nema, na Kumasi da na Nijar.

Abin ya koya mini cewa na'ura in ta fara ba ka alama, ka kula tun da sauran lokaci, kuma kada ka yarda a goge maka abu kafin ka ji ta bakin wani masanin. Babban darasin kuwa shi ne, abin da ba ka da madadinsa ba a ajiye shi wuri guda. Ni na yi sakaci da amana, Allah ya rufa mini asiri ta hannun matar da ba dangin iya ba na baba. Har gobe, in na ɗaga hannu ina yi wa iyayena addu'a, ba na saukewa sai na roƙa mata alheri.