Ƙarfasar da Na Ci a Gaban Surukina

Shekarun baya, lokacin da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina tsintar baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ƙaya a kifi, wasu masu shirya fim suka sauka a garinmu Yauri. Tunda yanzu Allah ya sa ina iya rubutu da hannuna, bari in ba ku labarin yadda cin kifi ya kusa raba ni da sana'ata.

Sana'ata fito ce. Ina ɗaukar mutane da kaya a jirgin ruwa, musamman ranakun kasuwa. Amma jirgin ba nawa ba ne. Nawa ya tsufa ya ruɓe, sai surukina, mahaifin matata, ya ba ni nasa mai inji in riƙa nema wa iyali abinci. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya faɗin abu sau biyu. Kafin ni, ɗansa na cikinsa ne ke jan jirgin. Ranar da ya kama shi ya cika lodi ya karɓe abinsa, bai kuma mayar masa ba. Don haka na san irin mutumin da nake riƙe wa amana.

Masu fim ɗin suna neman jirgi na yini guda. Ni ba na iya tsayawa gaban surukina in yi doguwar magana, sai na aiki taubashina, ɗan kawuna, wanda bakinsa ba ya da linzami. Ya dawo yana kwaikwayon muryar tsohon.

"Ya ce ka tahi. Amma ya ce jirgin ga kowa ya san nashi na. In anka mai da mutanen bakin ruwa abin dariya, ka ɗaure mishi abinshi inda ka iske shi."

Na ce na ji.

Labarin fim ɗin, yadda daraktan ya faɗa mini, na wani gari ne da aka ɗauke wa hanyar mota, kasuwarsa ta mutu, samari suka watse. Sai wasu mutanen garin suka haɗu, da wanzami, da mai ƙosai, da tsohon malamin makaranta, da wani makaɗi kurma, suka shiga wata tsohuwar bas za su birni roƙon wani attajiri ɗan garinsu ya waiwayi gida. A hanya sai sun ƙetare ruwa. Aikina kawai in ɗauke su, in mun yi nisa kaɗan in kashe inji kamar ya lalace, su kuma su yi ta rigima.

Abin ya gagara. Da sun fara sai idona ya koma kan kyamara. Aka sake, aka sake, har daraktan ya dafe kai.

"Malam, don girman Allah ka daina kallonmu. Ka karya kuwa?"

Na ce ban karya ba. Sai ya sa aka sayo tiren soyayyen kifin ƙarfasa da yaji a bakin ruwa, aka ajiye mini.

"Zauna gindin injinka ka ci. Ka manta muna nan."

Ai kuwa na manta. A tunanina kyamara tana kan 'yan wasa, wa zai ɓata lokaci a kan mai jirgi? Suna can suna cacar baki, ni ina nan ina aiki. Duk wanda ya san ƙarfasar tafkin Kainji da zafinta ba zai zarge ni ba.

Damina ta zo ta wuce, har na manta da zancen. Wata safiya na fito, sai mai shayi ya ɗaga mini hannu ya ce, "A ci lafiya!" Na amsa ban gane ba. A bakin ruwa masu lodi suka ce, "A ci lafiya!" Har wata tsohuwa da nake ƙetarewa da ita ta dube ni ta rufe baki da mayafi. Sai taubashina ya zo ya miƙo mini waya, yana dariya har da riƙe ciki. Ashe fim ya fito, masu tura finafinai sun raba shi a wayoyin gari.

Na duba. Ga 'yan wasa can baya suna faɗa. Ga ni a gaba, na cika fuskar wayar, ina ɓare kifi, ina dangwalar yaji, ina tsotsar kai, ina lasar yatsu. Jirgi ya tsaya tsakiyar ruwa, mai ƙosai tana salati, ni ko a jikina.

Ƙarƙashin guntun da aka sa a intanet akwai maganganun mutane. Na ce bari in gwada karatuna. Na bi na farko da yatsa a hankali: "Wallahi mai jirgin nan ya kashe mu." Na janye yatsana. A baki na san ana cewa haka in dariya ta yi yawa, amma ban taɓa haɗuwa da ita a rubuce ba, kuma a wurin mai fito wannan ba kalmar wasa ba ce. Sai da taubashina ya nuna mini 'yan fuskokin da ke hawayen dariya a gefe, sannan na gane dariyar ake nufi.

A gari kuwa ra'ayi ya rabu. Wani tela a layinmu ya rantse da mu ake. "Gari ya mutu, samari sun gudu birni, mutane sai surutu. Kuma ruwanmu anka nuna. Wa kenan in ba mu ba?" Wani dillalin kifi ya ce masa, "Shagonka na ya mutu, kasuwarmu tana nan da ranta." Mai shayi ya ce fim ya yi kyau amma motar ta cika lalacewa, ko tasa ce da tuni ya sayar wa 'yan gwangwan. Wani Bafulatani da ke hawa jirgina ya ce shi duk cikinsu akuyar da aka ɗaure a saman bas ce mai hankali. Amma maganar telan ce ta fi tafiya, har ta kai majalisar dattawa cewa an yi wa mutanen bakin ruwa ba'a, kuma da jirgin wane aka yi.

Abu ya zama mini biyu. Ga sharaɗin da surukina ya gindaya. Ga kuma wanda ya fi ci mini rai: tunda na auri 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In aka kawo abinci yana wuri, tashi nake yi. Haka muka taso, suruki ba ya ganin bakin surukinsa yana motsi. Yanzu ga ni ina tsotsar kan kifi a aljihun kowa.

Na ce wa matata ko za ta je ta ɗan shafa masa ruwan sanyi. Ta ce, "Ni? Tsakaninka da Baba. Sanda kake lasar yatsu ka tuna da ni?" Ta juya tana dariya a cikin zane.

Sai labari ya zo cewa tsohon ya ce shi ba ya yanke hukunci da ji-ta-ji-ta, kuma ba ya kallon abu a waya kamar mai leƙen rijiya. Za a nuna fim ɗin a gidan kallon ƙwallo bayan la'asar, zai je ya gani da idonsa. Mutumin da bai taɓa taka gidan kallo ba.

Ranar wuri ya cika, har da waɗanda suka riga suka gani. Na san ba fim suka zo kallo ba. Aka ba surukina kujera a gaba. Ni na laɓe can ƙarshen benci, kusa da ƙofa, inda ƙarar janareta ta fi yawa.

Aka fara. An nuna kasuwar garin babu kowa, rumfuna sun karkace, wata tsohuwa tana share gaban rumfarta ko da yake ba mai zuwa saye. Na hango surukina ya gyara zama ya ɗan sunkuyo gaba. Shi yana yaro ruwan dam ɗin Kainji ya cinye tsibirinsu aka tashe su, kuma ba ya son zancen. Na ce a raina, shi kenan, an taɓo inda ke masa ciwo.

Da tafiya ta miƙa sai dariya ta ɓarke. Bas ta mutu, aka tura, makaɗi kurma yana ta kiɗa bai san an bar shi a baya ba. Masu kallo suna ba 'yan wasa shawara kamar suna jinsu.

"Kai wanzami, sauka ka tura mana!"

"Direban ga ɗan uwanka na, wallahi, dubi kunnuwan!"

Tela yana gefe yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Mu na!" Aka ce masa ya yi wa mutane shiru.

Sai ga ruwa. Sai ga jirgin surukina, da shuɗin fentinsa da kowa ya sani. Inji ya mutu. Sai ga fuskata, wannan karon ba a waya ba, a bango, kaina ya kai girman tulu. Na ɗauki kifin farko.

Ba wanda ya dubi bango. Duk wuri ya juya yana duban tsoho. Taubashina, Allah ya shirye shi, ya miƙe tsaye.

"Baba, rufe ido! Surukinka na cin abinci!"

Wuri ya kece. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta tsakanin kawunan mutane na ga surukina ya sunkuyar da kai, ya jawo gefen rawaninsa ya kare fuska. Haka ya zauna. Kuma abin ya ƙi ƙarewa. Ban san na ci kifi da yawa haka ba. Ana jin ƙarar tsotso a lasifika, ana jin na ce "Alhamdu lillahi" na kuma jawo wani. Sai da taubashina ya ce, "Baba, ya wanke hannu," sannan ya ɗago.

A ƙarshen fim matafiyan sun dawo hannu rabbana, attajirin ko ganinsu bai yi ba. Amma jita-jita ta riga su isa gida cewa manyan baƙi na tafe. Mutanen gari suka share kasuwa, suka tayar da rumfuna, ƙauyuka suka ji suka kawo kaya. Kafin bas ta iso, kasuwa ta ci. Tsohuwar nan mai shara har ciniki ya yi mata yawa.

Aka fito ana gardama. Wasu suka ce ƙarshen ya yi daɗi, wasu suka ce ƙarya ce, shara ba ta tayar da kasuwa. Aka tare surukina, "Baba, mi ka gani?" Bai ce uffan ba. Ya sa takalminsa ya nufi masallaci.

Shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Kafin magariba na je bakin ruwa na kwashe 'yan komatsaina daga jirgin, na wanke shi, na ɗaure shi daidai inda na same shi ranar farko. Na ce gara in ajiye da kaina da a aiko a karɓa. Ina tafiya gida ina tunanin ko lodi zan koma yi wa wasu, da furfurata.

Da safe aka aiko kiran matata gidansu. Na zauna a ƙofar ɗaki ina jiran hukunci. Can sai ga ta da ƙwarya a kai, ta sauke a gabana. Bandar kifi ce cike.

"Mi ya ce?"

Ta zauna, ta gyara murya. "Ya ce shi bai ga komi ba, idonshi na ƙasa. Amma kunne ba shi da marfi."

Na rufe fuska.

"Ya ce in ƙara maka tuwo safe da dare. Wai kada mutanen Kano su kalli abin ga su ce ɗiyatai na barin miji da yunwa. Ni anka yi wa hwaɗa, ka ji, ni!"

"Fim ɗin fa? Zancen ba'a?"

Sai ta daina dariya. Ta ce Inna, mahaifiyarta, ma ta yi masa wannan tambayar. Sai ya ce wanda ya sa tsohuwar nan shara ya san abin da ake ji in gari ya mutu a hannun mutum, kuma wanda ya san wannan ba ba'a yake yi ba. Ya ce uwarsa haka ta share tsakar gidansu ranar da za su bar tsibiri, ruwa yana bakin ƙofa.

Sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Jirgin fa?"

"Au, na manta. Ya ce in tambaye ka, wane sakarai na ya bar jirgi ɗaure ranar kasuwar Warra?"

Ban tsaya neman hula ba.

Yau in na tuna, abin da ya fi tsaya mini ba dariyar ba ce. Rawanin nan ne da ya ja ya kare fuskarsa. Ni na kasa kiyaye kunyar da ke tsakaninmu, sai shi ya kiyaye mana ita, a gaban gari guda, bai ce mini komai ba. Na kuma gane cewa mutum ɗari za su kalli abu ɗaya, kowa ya ga abin da ya zo da shi daga gida. Tela ya ga zagi, Bafulatani ya ga akuya, surukina ya ga mahaifiyarsa. Ni kaɗai ne ban ga komai ba sai bakina.

Jirgin yana hannuna har yanzu, tsohon kuma yana nan da ransa, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sunan A-ci-lafiya dai ya bi ni, har jikokina sun iya. Kuma in ina cikin jirgi aka miƙo mini kifi, sai na fara dubawa ko akwai wanda ya ɗaga waya.