Kawu Maitama Ba Ya Jin Yunwa

Duk Bahaushen da ya sauka Washington ya ji cikinsa na ƙugi, lambar Sirajo ake ba shi. Mutumin Haɗeja ne, direban tasi a Wheaton da ke gefen birnin. Karatu ya kawo shi Amurka, karatun ya tsaya a hanya, tumbi ya ci gaba. Babu gidan abincin da bai sani ba tsakanin Maryland da Virginia. Ya san inda ake yanka na gaskiya, ya san inda aka rubuta halal a ƙofa alhali ga kwalaben giya jere a ciki.

Sai dai baƙin nasa 'yan rainin hankali ne. Da rana su ce a kai su su ɗanɗana na Turawa, magariba na yi sai ga su a falonsa suna jiran tuwon Ɗija. Ita kuwa matar tasa aikin jinya take yi a asibiti, a tsaye take wuni, ranar Asabar kaɗai take miƙe ƙafa. Rannan ta kafa doka.

"Baban Khalil, Asabar ɗin nan ko ruwan zafi ba zan ɗora ba. In ka kwaso baƙo, ga muciya nan, ka tuƙa."

"Na yi alkawari."

"Ka sha yi."

Asabar ɗin ce kuwa Kawu Maitama ya kira. Yayan mahaifiyar Sirajo ne, dagacin ƙauyensu, ya zo ganin likitan ido aka sauke shi a otal. Tun da ya zo, shayi da burodi yake fama da su a ɗaki. Sirajo ya je ya ɗauko shi, ya ce a ransa yau ko ina za a ci, ban da gidana.

"Kawu, me za a ci?"

"Komai ma, ɗan nan. Ni ba ni da zaɓe."

Suka fara da gidan abincin Habashawa. Kawu ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙare wa jama'a kallo, ya ce da gani tsami zai yi. Suka wuce wajen Martina, wata 'yar Gana mai tuwo da miyar ganye, ta tarbe shi da Hausarta mai daɗi har da rusunawa. Kawu ya dubi teburan da ke jikin gilashi, masu wucewa a titi na leƙen bakin kowa.

"Yaji ya yi yawa."

"Kawu, ai ba a ɗanɗana ba."

"Hancina ya ɗanɗana."

Sirajo ya mayar da shi cikin tasi. Ya ja mota cikin cunkoso har garin Springfield, wajen wasu 'yan Afganistan masu shinkafa da gasasshen rago. Wannan karon bai yi shawara ba, ya sa aka kawo. Ƙamshi ya tashi, maƙogwaron Kawu ya yi sama ya yi ƙasa. Ya waiga dama, mata. Ya waiga hagu, wani Bature ya ƙura wa hularsa ido. Sai ya ture farantin.

"Ni fa ba na jin yunwa."

Cikinsa kuwa ya yi wata ƙara da har na teburin baya suka ji.

Sirajo ya fita waje don kada ya yi saɓo. Yana tsaye yana huci, sai abu ya faɗo masa: tun da aka haife shi bai taɓa ganin Kawu yana tauna ba. A gida, a rufe ake shigar masa da kwano ɗaki, a fito da shi wayam. Dattijo irin Kawu ba ya cin abinci a idon jama'a. Shi da ya saba cusa burodi a kan sitiyari, ina zai tuna?

Ya sa aka ƙunshe abincin, ya nufi otal. A hanya Kawu ya ce a'a, a kai shi ya ga 'yarsa Ɗija da yara. Sirajo ya ji kamar ya ajiye motar ya gudu.

Allah ya taimake shi, Ɗija na barcin rana. Ya shiga kicin da sanɗa, ya juye shinkafar a cikin kulolinta, ya kai ɗakin baƙi, ya ja wa Kawu ƙofa. Da aka fito da kulolin, ko ƙashin bai tsira ba.

Ɗija ta farka ta zo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mun zaga garin nan kaf, babu abin ci. Yaron nan sai yawo da ni yake yi. Hannunki daban ne."

Ɗija ta dubi kulolin, ta dubi mijinta.

"Amin, Kawu."

Kawu na komawa gida ya baza labari, kowa ya ji cewa in ka je Amurka kada ka wahalar da kanka, ka nemi shinkafar matar Sirajo. Yanzu duk Asabar za ka ga Sirajo ya nufi Springfield yana ƙunƙuni, kuloli na ƙara a bayan tasi. Ɗija kuwa tana barcinta. In ta tashi ta karɓi addu'a, ta bar masa wanke-wanke.