Hatimin da Ya Makara Kwana Goma Sha Ɗaya

Doreen Ackroyd maƙwabciyata ce a Halifax ta Ingila, shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tsohuwar direbar bas ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarta ba tikiti ya san ba kanwar lasa ba ce. Da suka yi ritaya ita da mijinta Clifford, sai suka sayi motar nan mai ɗaki, da gado da murhu da banɗaki a ciki, suka shiga yawon bakin teku. Ita ke tuƙi, shi yana riƙe da taswira a juye yana ɓatar da su.

Shekara uku suka mora, Clifford ya rasu cikin hunturu. Da sanyi ya wuce Doreen ta buɗe motar, warin rima ya tarbe ta. Ta danna yatsa a bangon da ke saman gado, ya lotsa kamar burodi. Ashe ruwan sama ya daɗe yana bi ta haɗin rufi, katako na ruɓewa a ɓoye.

Motar na da garantin shekara goma a kan yoyo, da sharaɗin duk shekara a kai wa dillali ya auna danshi, ya duba gas da wuta, ya buga hatimi a kan lokaci. Hatimi uku cif a littafin, amma na ƙarshe ya makara kwana goma sha ɗaya. A kan wannan suka ce garanti ya faɗi. Clifford ne ke kai motar, ita ba ta san dalilin makarar ba. Wasiƙa uku ta rubuta, amsa ɗaya. In damina ta sake samun bangon nan a haka, motar ta gama yawo.

Na ce, "Ƙawata, ki haƙura ki sayar wa 'yan gwangwan."

"Ke za a fara sayarwa," in ji ta. "Nan Clifford yake kwana. Ba zan bar gadonsa ya ruɓe saboda wani ɗan hatimi ba."

Akwai tsohuwar na'urar ajiye saƙon waya a falonta. Kullum da safe takan kunna saƙo ɗaya na Clifford, ta kashe da zarar ya yi shiru. Ran nan shayi ya zube mata, ta tafi neman tsumma, na'urar ta zarce zuwa saƙo na gaba.

Ran Asabar, lokacin da masu saye suka cika wurin dillalin, ta rungumi na'urar, ta ja ni muka je. Manajan, wani mai suna Gavin, ya taho da murmushin nan nasa da ke ba ni haushi.

"Madam, mun gama maganar nan. Ƙa'ida ce, ba ni na rubuta ba."

"Ɗan nan, ina soket?"

Ta jona, ta ƙure murya. Sai ga Clifford: "Dor, ina kanti. Madara kika ce ko burodi? Na manta. Kar ki yi faɗa."

Wallahi sai da idona ya cika. Doreen ko gezau. Sai muryar sakatariyar dillalin ta biyo baya, tana cewa mai auna danshi ba shi da lafiya, sun ɗaga ranar duba motar da mako biyu, kada Mista Ackroyd ya damu, babu abin da zai taɓa garanti.

Wani dattijo cikin masu saye ya ajiye biron da zai sa hannu da shi.

Gavin ya miƙo hannu. "Bari mu riƙe na'urar, hedikwata ta saurara."

Ta doke hannun. "Mijina ne a ciki, mara kunya! Hedikwata ta zo nan. Ni da shi muna jira." Ta ja kujera ta zauna, ta sake kunnawa. Sau biyar Clifford ya tambayi madara ko burodi kafin Gavin ya fito da takardar gyara.

Wata biyu suka yi suna canza bangon. Ranar da ta tashi tafiya Whitby, can bakin teku, na leƙa ta taga, na ga na'urar a kujerar Clifford, an ɗaura mata bel.

"Doreen, lafiyarki kuwa?"

Ta tayar da mota. "Ƙalau. Tun da muka yi aure, yau ce rana ta farko da zan kai Whitby bai ɓatar da ni ba."