Gaisuwar Baibai

Ina tsaka da gugar wata farar riga a shago yayar ƙawata ta bugo mini waya. "Baibai ta rasu," ta ce. Sai da na ji ƙauri na tuna dutsen guga yana kan rigar mutane.

Tare muke aiki a shagon wanki da guga, teburinta na jikin nawa. Zazzaɓin da ta yi tana ƙarama ya taɓa mata kai, komai sai a hankali take gane shi. Gaisuwa kuwa a juye take yin ta. In ta shigo da safe sai ta ce, "Sai an jima." In za ta tafi ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu da zuwa." Shi ya sa muka sa mata Baibai. Mai shago ya yi gyara har ya gaji. Ita sai ta yi dariya ta ce, "Ai kun gane."

'Yarta ɗaya. Da mijinta ya rasu dangi suka ce ba za ta iya riƙo ba, aka ba yayarta. Ba ta yi musu ba. Amma kayan makarantar yarinyar ba ta yarda kowa ya goge sai ita.

Ana nan wasu likitoci suka zo da wata 'yar na'ura da ake dasawa a bayan kunne, wai tana buɗe ƙwaƙwalwa, suna neman waɗanda za a gwada a kansu. Ta je. Kafin shekara ta zagayo Baibai tana karatu, tana magana tsaf. Ranar da ta fara ce mini "Ina kwana" na shige bayan kayan da aka rataye na yi kuka, ban san na murna ba ne ko na me. Ta zauna da dangi ta nemi 'yarta, suka ba ta.

Daga baya ciwon kai ya taso, sai haɓo. Likitoci suka ce a cire na'urar ko ta kashe ta, amma in an cire za ta koma yadda take.

Na roƙe ta. "Ke, mu dai ki rayu, ko a juye ne muna son ki."

"In aka cire, washegari dangi za su zo su ɗauke 'yata," ta ce. "Abin haushin ma, zan tsaya a bakin ƙofa ina ɗaga musu hannu, ina sannu da zuwa. Bari dai ta ƙara girma."

Zuwana na ƙarshe tana kwance, ta rame, yarinyar ta jingina da ita tana aikin makaranta, uwar tana duba mata. Na miƙe na ɗauki jakata.

"To, sai an jima."

Ta dube ni da hankalinta sarai, ta ɗaga hannu da ƙyar, tana murmushi.

"Sannu da zuwa, ƙawata."

"Ai na gane," na ce.