Labo da Mutumin da Aradu ta Kayar

Yayana Labo ba mutumin da ake jin daɗin zama da shi ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Ni Shatu ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar mijina a gidansa nake, saboda haka ba mai ba ni labarinsa. Ga rowa, ga ɗaure fuska. Shanun amalankensa sun fi mu samun magana mai daɗi daga bakinsa, mu kuwa daga "ke!" sai "kai!". Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, ya kwashi buhunan aya da wake daga ƙauyenmu ya kai kasuwar Cadawa. In kuma ciwo ya kayar da wani, a shimfiɗa tabarma a amalanken a kai shi likita a Agiye.

Mu Kirista ne. Babanmu ne ya fara bin Almasihu a ƙauyen, kuma har yau gidajenmu ba su kai goma ba cikin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke shan rijiya ɗaya da su. Fasto daga Agiye yake zuwa kan moto, wato babur, in hanya ta yarda. Sauran ranakun Lahadi, Ɗantala ne ke tsayawa gaba. Dattijon ikilisiya ne, dillalin aya kuma. In ya buɗe baki ya ce "Ubangiji ya ce", sai ka rantse tare suka karya kumallo.

Akwai kuma Sanda, mai kaɗa mana ganga a majami'a tun yana yaro. Wata damina naƙuda ta zo wa matarsa Fati da gardama. Yaya Labo ne ya ɗauke su a amalanke, suka tarar kwari ya cika da ruwa, babu halin ƙetarewa. Nan bakin ruwan ta cika, ita da abin da ke cikinta. Da aka zo rufe ta, ana tsakiyar addu'a, sai Sanda ya ɗaga kai sama ya ce da ƙarfi, "Ashe haka kake? Ni da na yi maka kiɗa duk rayuwata? Ka ji kunya!"

Kowa ya ji, har da Musulmin da suka zo mana gaisuwa. Jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Ikilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo saboda saɓo, shi kuwa ko a jikinsa, domin ya riga ya daina zuwa. Sai a ji shi cikin gonarsa shi kaɗai yana zazzaga wa sama faɗa. Mutanenmu suka daina cin abinci da shi. Mata in sun hango shi sai su sake hanya.

Yaya Labo kaɗai ne bai sake hanya ba. In ya kwance shanu da la'asar sai ya ce in dama fura, ya ɗauka ya tafi gidan Sanda, ya zauna ya sha zagin Allah har ya ishe shi ya dawo. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Yaya, kai ba ka tsoron alhakin nan ya shafe ka?"

Ya harare ni. Ya ce, "Ke, zunubi ne, ban ce ba zunubi ba ne. Amma da wa yake faɗan? Ɗan da ke yi wa ubansa ihu a tsakar gida ai bai bar gidan ba tukuna. Wanda aka gicciye dominsa ya sha zagin da ya fi wannan, bai sauko ya rama ba. Ranar shari'a tana nan tafe, ni da ke da Ɗantala duk tsaye za mu yi. Ba wanda aka ba kujera a cikinmu."

Abin da ya sa a gaba ke nan shekara da shekaru: ya ga Sanda ya sake taka ƙofar majami'a kafin ɗayansu ya mutu. Ina jin abin da ya faru bakin kwarin nan bai taɓa barin zuciyarsa ba, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Daminar bara kuwa sai ga shi ya shigo gida da tsire a takarda. Labo! Tsire! Na ce lafiya? Ya ce Sanda ya yi alkawari zai zo ran Lahadi, amma a baya zai zauna, kuma kada wanda ya yi masa magana.

Kafin Lahadin ta zo aka yi kasuwar Cadawa. Na bi shi na kai ƙuli-ƙulina. Muna dawowa hadari ya haɗo baƙi ƙirin, muka fake a wata rumfa, aka yi ruwa da tsawa mai firgitarwa. Da aka ɗauke muka ci gaba. Muna kusa da gari sai muka hango taro a gonar Sanda, wajen wani gawo da ya tsage biyu yana hayaƙi. Sanda na kwance rub da ciki cikin taɓo, hauyarsa can gefe. Mutane sun yi masa zobe daga nesa, ba wanda ya matsa.

A nan sai na yi bayani, don wanda ba ɗan wajenmu ba ne. Tun zamanin kakanni ana cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an yayyafa masa ɗanyar madara, in ba haka ba aradun ta bi wanda ya taɓa har gida. Limamai sun hana, fastoci sun hana. Ɗantala da bakinsa ya sha yin wa'azi cewa aikin duhu ne. To, ranar nan shi ne ya aika ruga a kawo madara! Kuma kafin madarar ta iso, ya ga bai kamata a zauna haka ba, sai ya buɗe wa'azi.

Da kunnena na ji. "Ku duba da kyau! Ba a yi wa Allah ba'a! Bakin da ya zagi sama, ga shi yau cike da ƙasa!" Mata suna amsawa da amin. Wata tana lissafa abin da Sanda ya faɗa ranar jana'iza, wata tana ƙara abin da bai faɗa ba. Wasu sun ɗaga salula suna ɗaukar hoto. Wani dattijo yana cewa ba za a sa shi a maƙabartarmu ba, kada ya ɓata wa tsarkaka wuri. Har na ji ana tambayar wa zai gaji gonar, tun da bai bar ɗa ba. Tir! Mutanen da muke rera waƙa tare, fuskokinsu har wani haske suke yi. Ban taɓa ganin Ɗantala cikin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da aya ta yi tsada.

Yaya Labo ya diro daga amalanke, ya ratsa su yana ture na turewa. Ɗantala ya daka masa tsawa, "Malam Labo, kada ka shiga tsakanin Allah da wanda ya hukunta!"

Ya juyo ya ce, "Shi ya gaya maka?"

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa cikin taɓon, ya kama kafaɗar Sanda ya birkito shi. Mata suka yi kururuwa suka ja da baya. Ya sa yatsa ya kwashe masa ƙasa daga baki da hanci. Sai muka ga idanun a buɗe, hawaye na gangarowa, ƙirjin yana ɗagawa a hankali. Da ransa! Duk tsawon wa'azin nan mutum da ransa yake, hancinsa cikin taɓo.

Daidai lokacin Inno ta iso, matar Ardon rugar da ke bayan gari, da ƙwaryar madara a ka. Ta dubi Sanda, ta dubi mazajen da ke tsaye. Ta ce, "Subhanallahi! Mutum na numfashi, ku kuna jiran nono?" Ta dire ƙwaryar a ƙasa ta kama ƙafafunsa. Yaya ya kama kai, ni na tallabe tsakiya. Mu uku muka ɗora shi a amalanke, tsofaffin mata biyu da tsoho ɗaya. Ko namiji guda cikin taron bai miƙo hannu ba.

A gidan likita, majo, wato babban malamin wurin, ya ce hakan na faruwa: aradu ta kashe wa mutum jiki na wani lokaci, ba motsi ba magana, amma yana ji. Da ya faɗi haka na ga Yaya Labo ya dafa bango. Ni a lokacin murna nake an ce zai tashi, ban gane abin da ya tsorata shi ba.

Sanda ya tashi kuwa. Kunnensa ɗaya ya mutu, ga tabon ƙuna daga wuya har ƙugu, amma ya koma gonarsa. Kana tsammani wani ya je ya ba shi haƙuri? Ina! Ran Lahadi Ɗantala ya juya wa'azin kamar waina, ya ce dā ma gargaɗi ne, Ubangiji ya ɗaga masa ƙafa. Da aka ga makonni sun wuce ba a ƙara jin ihun Sanda a gona ba, sai murna ta ƙaru. Aka ce aradu ta gyara masa baki. Har waƙar godiya aka yi a kai, ana tafi. Yaya Labo ya tashi tsakiyar waƙar ya fita, ni ma na bi shi.

Da la'asar ya ce in dama fura. Wannan karon ni na ɗauka na bi shi, bai hana ni ba. Muka tarar da Sanda a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Ya tarbe mu da fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma, ya yi godiya kamar mu baƙi ne. Yaya ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce, "Sanda, alkawarin nan fa?"

Ya juyo masa da kunnen da ke ji. Ya ce, "Labo, na ji komai. Ina kwance ina son in ce a juya ni, ƙasa na shiga mini hanci, harshena ya ƙi. Na ji muryar kowa, na san mai amin ɗin da ya fi ƙarfi. Na ji inda aka ce ba za a rufe ni ba. Ka san abin da nake yi a zuciyata lokacin? Kiran Allah nake. Karon farko tun mutuwar Fati, roƙonsa nake ba zagi ba. Sai na ji amsa daga bakin mutanensa."

Yaya ya ce, "Ba shi ne ya yi magana ba. Ɗantala ne."

"Wataƙila," in ji Sanda. "Kai ka ɗauke ni, ba zan manta ba. Amma kada ka ƙara wahalar da kanka. Ba na fushi da shi yanzu. Ba ni da abin da zan ce masa, shi ke nan."

Ya faɗe ta a natse, har da murmushi, ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Muka taso. Da muka zo daidai majami'a sai Yaya ya tofar da yawu. Ya ce, "An hore shi don ya zagi Allah da bakinsa. Waɗanda suka ari bakin Allah suka zagi bawansa fa, wa zai hore su? In wannan ba saɓo ba ne, ban san saɓo ba."

Da almuru na kawo tuwo. A gidanmu shi ke sa wa abinci albarka, kuma addu'arsa ba ta da tsawo, don ba ya son tuwo ya huce. Ran nan ya sunkuyar da kai ya daɗe, har na buɗe ido in ga ko lafiya.

Ya ce, "Ya Ubangiji, ka yi wa Sanda jinƙai. Ka sa ya sake zaginka."