Mikin da Na Shanya a Rana

Ƙanena zabiya ne, kuma ni na goye shi, don haka har ya yi gemu bai iya yi mini musu ba. Masaƙi ne, a inuwar zaurenmu na Lajawa yake wuni. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samari suka watsar da fartanya, shi ma ya ajiye saƙa ya bi masu aikin titi a Wudil. Tun safe har la'asar yana tsaye kan kwalta, ko malfa babu.

Ana nan sai wani ƙurji ya fito masa a wuya, ya fashe, ya ƙi warkewa. Ni kuwa tun ina yarinya babu ciwon da ban san maganinsa ba, a ganina. A wurinmu abin da ya jiƙe shanya shi ake yi, hatsi ne ko fata ko miki. Na ce danshi ne ya hana shi kamewa. Duk ranar da babu aiki sai in shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, rana tsaka, in sa ya karkata wuya. Idanunsa na rawa, hawaye na zuba, ina tsaye a kansa kamar dogari.

Mikin ya ƙara faɗi, ya fara wari. A nan tsoro ya kama ni. Muka shiga mota sai asibiti a Kano.

Likitan ya ce kowace ƙwayar fata tana da rubutu a cikinta, jiki yana kwafarsa in zai yi sabuwa. Rana tana ƙona rubutun. In mai kwafa ya iso inda ya ƙone, sai ya cike da ka ya wuce, wani sa'in ya dace, wani sa'in ya kuskure. Kuskuren ne ke zama ciwon daji. Baƙar fata garkuwa ce, shi kuwa ba shi da ita. Sannan ya tambayi maganin da muka yi, ƙanena ya faɗa.

"Wa ya ce ka riƙa shanya shi?" in ji likita.

Kafin in buɗe baki, ƙanena ya riga ni.

"Ni na ga dama, likita," in ji ƙanena, ko kallona bai yi ba.

Aka sa mana ranar da za a yanke wurin. A motar dawowa ina zaune bayansa, sai na hango wani ɗan ƙurji a bayan kunnensa, sak yadda na farkon ya fara. Rana na dukansa ta taga. Na cire mayafina na lulluɓe shi, fasinjoji na kallona.

"Yaya, zafi fa," ya ce.

Na ce ya rufe mini baki. Har muka haye gadar Wudil ban ɗaga mayafin daga kansa ba.