Mas'uda da Goruba a Bayan Riga

Kullum da hantsi Mas'uda takan wuce ta ƙofar gidana da takardunta cikin leda, ta nufi gidan waya ta duba ko amsa ta zo. In ta dawo na ce, "'Yar nan, yaya dai?" sai ta ce, "Hajiya, da saura." Shekara biyu ke nan muna wannan gaisuwa.

Ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi aiki a Jidda, inda ta koyi auna barcin mutane da na'ura, a ga ko numfashinsu na ɗaukewa. A 2006 ta ci jarrabawar wannan fanni, sannan ciwon mahaifiyarta ya dawo da ita Azare. Duk inda ta kai takarda, sai a yaba, a ce ba su da na'urar. Ni kaina da na ji, dariya na yi. Barci ma sai an yi masa jarrabawa?

Wajen wani suna na daina dariyar. Mata ana ta shaƙiyanci kan minsharin maza, sai Zulaiha, matar Alhaji Gali direba, ta ce, "Nawa ai ya fi na kowa ladabi. Yana cikin yi sai ya yi tsit, kamar liman ya shigo." Aka kwashe da dariya, ban da Mas'uda. Ta ja ta gefe ta ce, "Yaya Zulaiha, gobe in ya kwanta bayan azahar, ɗauki carbi. Duk sanda numfashin ya tsaya, ja ɗaya."

Washegari, kafin a kira la'asar, Zulaiha ta ja talatin da bakwai. Nan ta faɗi abin da ake ɓoyewa: watan jiya barci ya sace Alhaji a hanyar Bulkachuwa, motar ta faɗa gonar gero da fasinja a ciki.

Mas'uda ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ya ajiye tuƙi sai likita ya duba shi a Kano. Ya ce, "Ke da kika rasa aiki, nawa za ki raba ni da shi?"

Ta ce, "Alhaji, ni takarda nake ɗauka kullum. Kai mutum goma sha takwas."

Kwana uku bai amsa gaisuwarta ba. A na huɗu ya miƙa wa ƙaninsa makulli. Kafin ranar ganin likita, Mas'uda ta sa Zulaiha ta ɗinke goruba a bayan rigar barcinsa, don kada ya kwanta rigingine, wai a nan maƙogwaro ya fi toshewa. Ya yi mita, ya yi mita, ya kwanta ta gefe. Likitan Kano ya tabbatar da maganarta. Yau Alhaji yana kamasho a tasha, shi ne ma mai tsare direbobi yana tambaya, "Kai, matarka ta taɓa ƙirga maka?"

Mas'uda, ke ce mai jin shirun da muke wa dariya. Ba albashi, ba na'ura, amma kin mai da mutum goma sha takwas gidajensu ba su ma san sunanki ba. Allah Ya saka miki, Ya kawo amsar da kike jira.

Ku masu asibitoci, tana nan, gidan da ke kallon nawa. Ku kuma 'ya'yana masu jiran aiki, kada ku bar iliminku cikin leda. Mata kuwa, ku ɗauki carbi.